Ƙasar da Ke Cikin Kai

Na sa aka sauke taswirar bango,
na kife ta kamar ƙwaryar da aka gama aiki da ita.
Kowa farar takarda, fensir, minti arba'in.
Na ce, "Ku zana mini Nijar yadda take zaune a kanku."
Su talatin da bakwai ne. Baɗi war haka
kowannensu na tsaye gaban allo,
yara sittin na kallon bakinsa.

Yanzu dare ya yi, an ɗauke wuta a Garin Malam.
Ga ni, ga fitilar hannu, ga jan biro,
shayi ya huce ban kurɓa ba.

Lawali ya yi Damagaram faifai guda a tsakiya,
ya ajiye Kano a gefenta, taki biyu ka isa.
Yamai kuwa ɗigo ce can bakin takarda,
sai da na hure ta, na zaci ƙasa ce ta faɗo.
Ubansa direban hanyar Magarya ne.
Na san dalili, amma na ja layi.

Harira ba ta kuskure iyaka ko ɗaya ba,
hannunta tsaf kamar ɗinkin hula.
Sai ta kamo kogin Isa daga yamma,
ta ja shi, ta ratsa Maraɗi da shi,
ta kwantar da shi gindin duwatsun Birni.
Yarinyar da ta girma a layin famfo da bido biyu,
tun kafin kiran assalatu,
me zan rubuta mata a gefe?
Na rubuta: kogi bai biyo ta nan ba.
Ta fi ni sani.

Kiyari ya ba Tafkin Cadi kwatar shafi.
Bai taɓa ganinsa ba.
Tafkin kakarsa ne ya zana,
wanda take tuƙawa da baki bayan sallar isha'i.

Saura duk sun bar arewa fayau,
wasu sun rubuta "hamada" sun wuce abinsu,
kamar ɗakin da aka leƙa aka ce ba kowa.
Ban da Alhusaini, ɗan Tanut mai zama layin baya.
Shi arewarsa cunkus take:
rijiya goma sha ɗaya, kowacce da sunanta,
da wadda ke da zartsi, da wadda ke ƙafewa da bazara,
da kwana nawa raƙumi ke yi tsakani.
Doso da Tilaberi fa? Ko alamarsu.
Takardar maki ta ce jihohi takwas,
ba ta tambayi inda ake shan ruwa ba.
Bakwai bisa ashirin.
Biron ya yi mini nauyi kamar taɓarya.

Sai na juya bayan takardarsa, na ce bari in gwada.
Hannuna ya zuba iyakoki bai tsaya ba,
shekara ashirin da uku yana wannan kiwo.
Na sa Difa, na sa Tawa, na sa Bilma daidai.
Na zo sa ƙauyen mahaifiyata,
wani wuri kudu da Mirya, mai kuka biyu a bakin gari,
fensir ya tsaya a sama yana shawagi
kamar shirwar da ta rasa gidan da ta saba.

Gobe zan mayar musu da takardunsu.
Harira za ta maida kogi inda Allah ya ajiye shi,
wannan babu sassauci, yara na jira.
Amma kafin in rataya taswirar bango
zan miƙa wa Alhusaini alli,
in koma kujerarsa ta baya in zauna.

Wuta ta dawo. Saura takarda goma sha tara.